RA'AYI: Masaƙar Funtuwa Da Alƙalamin Abuja

Akwai wata unguwa a Funtuwa da ake kira BCGA. Yaran da aka haifa a cikinta sun iya faɗin sunan tun kafin a sa su makaranta, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya cewa ga abin da haruffan nan huɗu ke nufi. Taƙaitaccen sunan wata ƙungiya ce ta bunƙasa noman auduga, wadda masu masaƙu da 'yan kasuwar Ingila suka kafa a birnin Manchester a 1902, domin su samar wa injinansu auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulka. Ƙungiyar ta daɗe da tattara nata ya nata, sunan ne kawai ya zauna, yana shaida cewa auduga ce ta raini wannan gari.

Dalilin waiwayar tarihin Funtuwa a yanzu shi ne, an sake buɗe babin farfaɗo da masaƙu a Abuja. A watan Afrilun 2025 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da kafa hukumar bunƙasa auduga da saƙa da ɗinki. A watan da ya biyo baya kuma Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar fifita kayan gida a duk sayayyar gwamnati. Waɗanda za su rubuta takardun aiwatar da waɗannan ƙudurori su ne ma'aikatan tarayya da hadiman masu riƙe da muƙamai. Ya kamata kafin su tsoma alƙalami su san labarin garin da ya ga tashin wannan sana'a, ya kuma ga faɗuwarta. Abin da labarin ke nunawa a fili yake. Masaƙa tana rayuwa ne idan akwai manomi mai iri nagari a bayanta, akwai kuma mai saye tabbatacce a gabanta. Shekaru da dama gwamnati tana zuba bashi a tsakiya, ta bar kai da ƙafa a sake, alhali ita kanta tana cikin manyan masu sayen yadi a ƙasar nan.

Kafin zuwan inji

Bature bai koya wa ƙasar Hausa saƙa ba. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kudancin Katsina na cikin yankunan da ke ciyar da wannan kasuwa, kuma tsohon garin Maska ya yi suna wajen saƙa tun Funtuwa tana ƙaramin ƙauye. Har gobe hakimin Funtuwa Sarkin Maska ake kiransa.

A wancan tsari aikin a rarrabe yake, amma a haɗe. Manomi ya noma auduga ya tsince ta. Mata a cikin gida su gurje ta da dutse da ƙarfe su fitar da angurya, su shiɓe ta, su kaɗe ta da mazari ta zama zare ko abawa. Masaƙi ya saya ya saƙa ƙyalle, maɗinki ya harhaɗa, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga har ta yi sheƙi, fatake su ɗora wa jakuna da raƙuma. Kowa a cikinsu ya san wanda zai karɓa daga hannunsa, kuma wannan sanin shi ne jarinsa na gaskiya.

Turawa sun shigo da wata buƙata dabam. Masaƙun arewacin Ingila sun ji jiki lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, sa'ad da audugar da suka dogara da ita ta yanke, don haka suka ƙudura neman wata madogara. Fatan samun audugar Arewa na cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano a 1911. Sai dai lissafin bai fita yadda suka so ba. Manoman Kano sun ga gyaɗa ta fi riba, masu audugar kuma sun gwammace su sayar wa masaƙan gida, domin sun fi Bature sayen ta da daraja. A kudancin Katsina da arewacin Zazzau da ƙasar Zamfara ne noman audugar fitarwa waje ya samu gindin zama.

Yadda aka gina garin auduga

Abubuwa uku suka ɗaga Funtuwa. Na farko iri. An shigo da wani irin auduga ɗan asalin Amurka mai suna Allen, wanda gashinsa ya fi na gida tsawo, ya fi dacewa da injin kaɗi. A tsakiyar shekarun 1920 aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, ana karɓar zaɓaɓɓen iri daga masu bincike na Samaru ana ninka shi, sannan a raba wa manoma kyauta. Na biyu injin gurza, wanda BCGA ta kafa a garin. Na uku jirgin ƙasa, domin layin da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Garin da ke mahaɗar hanyoyin Zariya da Sakkwato da Katsina ya wayi gari yana da tasha, da kantunan kamfanoni, da 'yan dako, da baƙi daga kowace kusurwa ta ƙasar nan.

Bai kamata a yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Tsari ne da aka gina domin amfanin masaƙun Ingila. Mai saye ƙwaya ɗaya ne, shi ke yanke farashi, manomi kuma ga haraji a wuyansa, ba shi da zaɓi mai yawa. Audugar ta fita ɗanya ta dawo akoko da alawayyo, masaƙin gargajiya yana kallo kasuwarsa na zagwanyewa. Hukumomin ciniki da suka karɓi ragamar saye daga 1949 su ma sun riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya, suna tara rarar a asusun gwamnati.

Amma duk da wannan zalunci, tsarin yana da wani abu da ya ɓace daga baya. Manomi ya san inda zai samu iri mai tsabta kowace shekara. Ya san ranar da za a buɗe fuloti, ya san malamin auduga zai duba kayansa ya ba shi lamba gwargwadon kyawunsa, ya kuma san farashi tun kafin kaka. An cuce shi a kuɗi, ba a bar shi cikin duhu ba.

Zamanin jiniya

Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta yanke shawarar cewa audugar Arewa a Arewa za a saƙa ta. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex ta biyo baya, sai Arewa Textiles da jarin Japanawa, sai UNTL ta attajirin Hong Kong ɗin nan Cha Chi Ming a tsakiyar shekarun 1960. Kakuri ta cika da ma'aikata, Gusau ta samu masaƙar Zamfara, Kano ta samu nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa.

Shekarun 1970 su ne ganiyar Funtuwa. A tsakiyarsu Bankin Duniya ya zaɓi yankin, tare da Gusau da Gombe, domin gwajin shirin bunƙasa aikin gona na farko a ƙasar nan. A 1977, da gwamnatin tarayya ta sake fasalin hukumomin ciniki ta ba kowane amfanin gona tasa, an kai ta koko Ibadan, ta gyaɗa Kano, ta auduga kuwa aka kafa hedikwatarta a Funtuwa. A daidai wannan lokaci aka hana shigo da yadi daga waje. A ƙarshen shekarun ne aka kafa masaƙar Funtuwa, cikin rukunin kamfanonin UNTL. A lokacin ana iya shuka auduga, a gurje ta, a kaɗe ta, a saƙa ta, duk a cikin ƙasa ɗaya da hakimi ɗaya ke riƙo.

Wanda bai zauna a ƙaramin gari mai masaƙa ba, da wuya ya gane nauyinta. A babban birni masana'anta ɗaya ce cikin ɗari. A ƙaramin gari ita ce agogo. Jiniyar canjin aiki ita ke gaya wa mai koko da ƙosai lokacin fitowa, ita ke gaya wa mai shayi lokacin hura wuta. Albashin ƙarshen wata shi ke biyan mai gidan haya da mai kanti da tela da mai gyaran keke da malamin makarantar allo. Anguryar da ta fita daga injin gurza ta zama mai, tunkuzarta ta zama abincin shanu. Ɗan manomin da ya shiga ɗakin kaɗi yana lebura yana iya fita yana makanikin inji, ya sa 'ya'yansa a makaranta da kuɗin da ya san zai shigo ranar kaza.

Masaƙun sun kuma haifar da wani abu da ba yadi ba. Ƙungiyar ma'aikatan saƙa da ɗinki ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ƙwadago mafi tsari a Najeriya. Adams Oshiomhole a masaƙar Arewa ta Kaduna ya fara, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, kafin shugabancin ƙwadago na ƙasa da gwamna da sanata. A farkon shekarun 1980 ƙasar nan tana da masaƙu sama da 100, kuma babu wani reshen masana'antu da ya kai su ɗaukar ma'aikata.

Inda zaren ya fara tsinkewa

Yawancin masu ba da labarin mutuwar masaƙu daga atamfar Sin suke farawa. Sun makara da kusan shekara ashirin. Ciwon daga gona ya soma. Kuɗin man fetur ya janye matasa zuwa birane, farashin da hukuma ke sayen auduga bai bi tsadar rayuwa ba, shirin Bankin Duniya kuma, da takin zamani da sabon irin masara da ya kawo, ya nuna wa manomin Funtuwa cewa masara ta fi auduga sauƙin aiki da saurin kuɗi. Tun farkon shekarun 1980 ƙasar da ta saba fitar da auduga ta koma masaƙunta na neman ta daga waje, har wasu kamfanonin saƙa suka buɗe gonakin kansu don dole.

Sai 1986 ta zo da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, aka rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya, har da ta auduga. Akwai hujjar rushe su, domin sun yi kaurin suna wajen danne manomi da jinkirin biya. Kuskuren shi ne ba a tanadi wanda zai gaji ayyukan da ke ɓoye a ƙarƙashinsu ba. Rabon iri mai tsabta ya tsaya. Duba auduga da ba ta lamba ya zama wasa. Manomi ya koma shuka duk anguryar da ta faɗo hannunsa, iri ya cakuɗe, amfanin kadada ya ragu. Masu neman nauyi a sikeli suka riƙa yayyafa ruwa da zuba yashi, aka kuma koma ɗura auduga a buhunan leda, waɗanda zarensu ke shiga cikin kaɗi ya ƙi karɓar rini, ya ɓata bandir guda. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Faɗuwar darajar naira a lokaci guda ta sa kayan gyaran inji da sinadaran rini, waɗanda duk daga waje ake sayo su, suka yi tsadar da ta hana sabunta injina.

A kan wannan rauni ne buɗe kasuwa ya sauka. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Sin ta shiga ƙungiyar a ƙarshen 2001, sannan a farkon 2005 yarjejeniyar da ke iyakance yawan tufafin da kowace ƙasa za ta fitar ta ƙare. Gwamnatin Obasanjo ta sake hana shigo da wasu nau'o'in yadi, amma haramcin bai hana komai ba sai kuɗin shiga na kwastan. Kaya su sauka a Kwatano ko Lome, su haura ta Nijar, su ɓullo ta Maraɗi da Birnin Ƙonni, su kwana a Kantin Kwari. Wasu ma zanen masaƙun gida aka kwaikwaya, aka buga musu tambarin ƙirar Najeriya a can inda aka yi su. A gida kuwa wutar lantarki ta zama ta marisa, baƙin man da tukwanen tururi ke ci ya yi wuya saboda matatun mai sun kwanta.

Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002. Sauran na Kakuri suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007. Dubban ma'aikatan da aka sallama sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na barin aiki, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Masaƙar Funtuwa ta kasance cikin 'yan ƙalilan da suka ci gaba da numfashi bayan wannan guguwa, kuma zamanta a tsakiyar gonakin auduga da injinan gurza yana cikin abin da ya taimake ta. Wannan kaɗai ya isa darasi ga mai tsara manufa.

An bar jaki ana dukan taiki

Ba za a ce gwamnatoci sun naɗe hannu ba. A wajajen 2010 an ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin auduga da saƙa da ɗinki. A farkon 2019 an sanya Funtuwa cikin wurare uku da aka zaɓa domin yankunan masana'antu na musamman, tare da Lekki da Enyimba. A watan Maris na shekarar Babban Banki ya sanar da hana masu shigo da yadi samun dala ta hanyar hukuma, a watan Mayu kuma ya ƙaddamar da rabon irin auduga da bashin noma a Katsina. A watan Oktoban 2023 bankin ya janye hanin dalar. A 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa, a shekarar kuma kuɗin wutar rukunin da ake ba sa'o'i mafi yawa, wanda masana'antu da dama ke ciki, ya ninka fiye da sau uku a dare ɗaya.

Duk wanda ya jera waɗannan matakai zai ga ɗabi'a ɗaya. Kusan kowanne ko bashi ne, ko hani, ko bikin yanke ƙyalle, kuma kowanne yana mutuwa ne tare da wa'adin wanda ya kawo shi. Bashi ba ya warkar da masana'antar da ba ta da mai saye, nauyi yake ƙara mata. Mai masaƙar da ya karɓi rance ya sayo sabon inji, ya kunna shi da dizal, ya saƙa yadin da na fasa-ƙwauri ya fi shi araha, bai yi komai ba face ɗaga ranar rufewa. Babu kuma ɗan kasuwa mai hankali da zai sa jarin da sai bayan shekara goma zai dawo, a kan manufar da ba ta wuce shekara huɗu.

Mai sayen da ke zaune a ofis

A nan gizo ke saƙar. Rundunar 'yan sanda kaɗai tana da jami'ai sama da 300,000. Ga sojojin ƙasa da na ruwa da na sama, ga kwastan, da shige da fice, da gidajen gyaran hali, da jami'an kiyaye haɗurra, da na tsaron farin kaya, da 'yan kwana-kwana. Ga ɗaruruwan dubban matasa masu hidimar ƙasa da ake ɗinka wa kaki kowace shekara. Ga zannuwan gado da labule da bandeji da rigunan aiki na asibitocin tarayya, ga kayan makarantun haɗaka. Wannan buƙata ce da ba ta bin yayi, ba ta sauya launi da zuwan salla, ana kuma iya ƙididdige ta shekara uku kafin lokacinta. Irin cinikin da masaƙa ke mafarki ke nan, domin kaki da farin yadi ba sa buƙatar gasar zane da masana'antun Sin.

Dokar ma tana nan. A watan Mayun 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a Umarnin Zartaswa mai lamba 003, wanda ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomi kashe aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin sayen wasu kayayyaki a kan ƙirar gida, kuma kayan sarki da takalma ne a sahun farko na jerin. A ƙarshen 2019 an rattaba hannu a yarjejeniya tsakanin hukumomin masu kaki da kamfanonin saƙa. Manufar 2025 ta sake nanata wannan alkawari. Da a ce takarda na tayar da inji, da Kakuri ta daɗe da cika da ƙara.

Inda ake yin asarar sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a kwamitin bayar da kwangila. Ana ba ɗan kwangila aikin kawo kaya, shi kuma ya sayo yadin waje ya kai wa tela a Aba ko Kano, a ɗinka, a rubuta cewa ƙirar gida ce. A takarda an cika umarni, amma ko zare ɗaya bai fito daga audugar Najeriya ba. Wani lokaci kuma a rubuta ƙa'idar ingancin yadi ta yadda sai wata masana'anta ta waje ce kaɗai za ta iya cika ta. Wani lokaci a ba da wa'adin mako shida ga aikin da masaƙa ke buƙatar wata shida ta shirya masa. Idan ma an ba masaƙar gida, sai biya ya yi shekara yana yawo tsakanin tebura, ruwan bashin banki ya cinye ribar. Duk waɗannan ba a fadar shugaban ƙasa ake yanke su ba. A teburin daraktan sayayya ake yanke su, da na akanta, da na hadimin da ke tsara wa minista taƙaitaccen bayani.

Maƙwabciya Jamhuriyar Benin ta nuna abin ba gagara-badau ba ne. Ta riƙe tsarin iri da taki da saye na manomanta har ta shiga sahun gaba a noman auduga a Afirka, sannan ta gina yankin masana'antu na Glo-Djigbé kusa da Kwatano, inda ake kaɗi da saƙa da ɗinkin tufafin da ake fitarwa Turai da Amurka. Ƙasar da tashar jiragen ruwanta ta daɗe tana zama ƙofar yadin da ya kashe masaƙun Najeriya, yau ita ke saƙa audugarta.

Abin da masu suka ke faɗa

Akwai masu ganin duk wannan begen jiya ne kawai, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sun ce talaka ya samu sutura mai araha saboda yadin waje, kuma dubban 'yan kasuwa da 'yan dako da teloli suna ci daga cinikinsa. Sun ce kariyar shekarun 1970 ta sa wasu masu masaƙu sun yi barci, ba su sabunta inji ba, ba su kyautata kaya ba. Sun ce injin zamani ba ya ɗaukar mutane kamar na da, don haka ko an farfaɗo ba za a ga tururuwar ma'aikata irin ta Kakuri ba.

Duka ukun haka ne, shi ya sa sake rufe iyaka ba mafita ba ce. An gwada, masu fasa-ƙwauri ne suka yi kuɗi. Amma zaɓin inda gwamnati za ta kashe kuɗinta bai taɓa aljihun mai sayen atamfa a kasuwa ba, bai kuma hana ɗan Kwari cinikinsa ba. Maganin barcin masu masaƙu shi ne a ɗaura fifikon da sharaɗin inganci da farashi da wa'adi, wanda ya kasa a ba wani. Game da yawan ma'aikata kuwa, a ƙidaya har da manomi da mai tsinta da direba da mai gurza da mai matse angurya da tela. A yankin da matasa marasa aikin yi suka zama abin farautar masu ɗaukar makami, wannan lissafi ya wuce na riba da faɗuwa.

Abin da ke hannun masu alƙalami

Matakin farko shi ne a fayyace ma'anar ƙirar gida. Yadin da za a ƙirga a cikin kason nan ya zama an kaɗa zarensa an saƙa shi a Najeriya, ɗan kwangila ya kawo shaidar masaƙar da ta yi shi, mai binciken kuɗi kuma ya je ya tabbatar. Na biyu, Hukumar Kula da Sayayyar Gwamnati ta riƙa wallafa, kowace shekara, mita nawa na yadi kowace hukuma ta saya da kuma inda aka saƙa shi. Abin da jama'a ke gani ya fi wuyar murɗewa. Na uku, a haɗa buƙatun hukumomin masu kaki a ba da oda ta shekara uku zuwa biyar, da tabbacin biya cikin ƙayyadadden lokaci. Da irin wannan takarda a hannu masaƙa za ta samu rance a banki ba tare da wani asusun tallafi ba, ta kuma ƙulla yarjejeniya da manoma tun kafin damina.

Sabuwar hukumar auduga kuma, idan tana son ta bambanta da na baya, to ta fara daga gona. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da ire-iren auduga da ta fitar, an kuma amince da noman irin da ke jure tsutsa tun 2018. Abin da ya ɓace shi ne aikin da Daudawa ta riƙa yi, wato ninka iri da kai shi hannun manomi a kan kari, da dawo da duba auduga a wurin saye, da raba ta da buhun leda. Sannan a tuna cewa Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, waɗanda suke cikin zuciyar ƙasar auduga, sun sha fama da 'yan bindiga. Auduga tana daɗewa a gona, tana son nome-nome da feshi da tsinta sau da yawa. Manomin da ke shiga gonarsa a tsorace ba zai shuka ta ba, ko da an ba shi irin kyauta. Batun wuta shi ma a daina jiran gyaran ƙasa baki ɗaya. Bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ta Zariya ya bi, kuma Funtuwa ba ta da nisa da can. A sa garuruwan masaƙu cikin lissafin rabon tun yanzu.

Akwai kuma bashin da ya rage a wuyan hukuma, na tsofaffin ma'aikatan masaƙun da gwamnatoci ke da hannun jari a cikinsu. Matashin da ya ga mahaifinsa ya mutu yana jiran haƙƙinsa ba zai yarda da sabon alkawarin masaƙa ba, kuma yana da gaskiya.

Funtuwa ta ga Bature mai sikeli, ta ga hukumar ciniki, ta ga masanan Bankin Duniya, ta ga tawagogin masu yanke ƙyalle. Duk lokacin da ta bunƙasa, akwai wanda ya tsaya ya ce zai sayi abin da ta noma ko ta saƙa, ya kuma cika. Kasafin kuɗin kowace shekara yana ɗauke da kuɗin kaki da zanen gado, ko an so ko ba a so sai an kashe su. Jami'in da fayil ɗin zai biyo ta teburinsa yana da damar yin tambaya ɗaya kafin ya sa hannu: wannan yadi, a wace masaƙa aka saƙa shi?